Madarar gari tsakanin kofi da sikeli: abubuwan da ya kamata ki sani

Kofi ɗaya na madarar gari giram nawa ne? Duk uwargidan da ke ɗauko girki daga littafi ko daga waya sai ta yi karo da wannan tambaya wata rana, kuma amsarta ba guda ba ce. A kundin lissafin abinci na Ma'aikatar Noma ta Amurka, kofi ɗaya na madarar gari mai cikakken maiƙo giram 128 ne. Wadda aka cire wa maiƙo giram 120. Ita kuwa wadda aka cire wa maiƙo kuma aka sarrafa ta yadda za ta narke nan take, giram 68 kacal. Kofin bai canza ba, kowanne an cika shi an shafe baki, amma na farko ya kusa ninka na ƙarshe a nauyi.

Ruwa ba ya haka, mililita ɗaya giram ɗaya ne ko a Kano ko a Maraɗi. Sukari ma bai cika wahalarwa ba, kofinsa ba ya nisa da giram 200. Madarar gari ce ke da wannan hali. Shi ya sa kek ɗin da ya yi kyau a hannun mai koyarwa yake fitowa da baƙin baya a gidan wata, yogot ɗin da ya kama jiya kuma ya tsinke yau, alhali a takarda ba a canza komai ba.

Me ke cikin kofin ban da madara?

Iska ce, kuma mai yawa. Nonon saniya kusan kashi 87 cikin 100 ruwa ne. A masana'anta ana fara ɗumama shi don kashe ƙwayoyin cuta, sannan a ƙafe ruwan har ya yi kauri, ya zama kusan rabi ruwa rabi madara. Daga nan sai a fesa shi ɗigo-ɗigo cikin wani dogon rumbun ƙarfe da iska mai zafi ke kaɗawa a ciki. Kafin kowane ɗigo ya kai ƙasa ya bushe, ya zama ƙwayar gari. Hukumar Codex, wadda Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya da Hukumar Lafiya ta Duniya suka kafa tare don tsara ƙa'idojin abinci, ta ce kada ruwan da ya rage a garin ya wuce kashi 5 cikin 100.

Wasu daga cikin ƙwayoyin nan suna da kumfar iska a cikinsu, ga kuma iskar da ke tsakanin ƙwaya da 'yar'uwarta. Ita madarar kanta, da za a matse ta a fitar da iskar, ta fi ruwa nauyi. To, kofin da ke cin giram 237 na ruwa giram 128 kawai ya ci na gari. Kin ga fiye da rabinsa iska ke nan. A mai giram 68 kuwa, iskar ta kai wajen kashi huɗu cikin biyar.

Dalilin wannan rata yana wurin narkewa. Garin da ya fito daga rumbu kai-tsaye yana da laushi ƙwarai, kuma ba ya son ruwa: ki zuba shi ya yi gudaji, waje a jiƙe ciki a bushe. Don magance haka ne aka fito da wata dabara a Amurka a shekarun 1950, kamfanin Carnation ya kai ta kasuwa a 1954. Ana ɗan jiƙa garin, ƙwayoyin su manne da juna su zama ƙananan curi masu ƙofofi, sannan a sake busarwa. Wadda ta taɓa yayyafa wa gari ruwa ta murza don yin dambu ta ga yadda yake barbajewa ya cika kwano fiye da dā. Ruwa yana shiga ƙofofin nan ya narkar da madarar da wuri, amma kofi yana cika da gari kaɗan. Mai cikakken maiƙo kuma akan ƙara mata lesitin, wanda akasari daga waken suya ake samunsa, don maiƙon ya daina korar ruwa. Yawancin madarar gwangwani da ta leda da muke saye don shayi irin wannan ce, za ki ga an rubuta Instant a jikinta. Kofinta yakan ɗan gaza 128, sau da yawa tsakanin giram 100 da 125, gwargwadon kamfanin da ya yi ta.

Hannun mai awo, da kuma damina

Ko da madarar iri ɗaya ce, mutum biyu ba za su cika kofi daidai ba. Wadda ta cusa kofin cikin gwangwani ta kwaso ta danne garin. Wadda ta riƙa zubawa da cokali ta bar shi a sake. In aka bubbuga kofin a kan tebur, garin ya zauna, wuri ya samu a sama, sai a ƙara. Bambancin na iya kai kashi ɗaya cikin biyar. Su kansu masu masana'anta sun san da wannan. Idan za su gwada garinsu, a bututun awo suke zuba shi, na'ura ta bubbuga shi sau ɗaruruwa bisa ƙa'ida kafin a karanta, kuma a rubuta adadin bugun kusa da sakamakon. In har masu ɗakin gwaji ba su yarda da awon gari ba sai an faɗi sau nawa aka buga shi, bai kamata mu ba kofin kicin amanar da ta fi ƙarfinsa ba.

Sai batun tozo. A kasuwarmu awo da tozo ake yi, mai saye ma ba zai yarda a shafe masa mudu ba, kuma wannan sabo yana bin mu har kicin. Littattafan girki na Turawa kuwa shafaffen awo suke nufi, a cika a goge bakin da bayan wuƙa. Babban cokali mai tozo na madarar gari yana iya ɗaukar ninki ɗaya da rabi na shafaffe, wani lokaci har ninki biyu.

Damina ma tana da nata rabon. Kusan kashi 38 cikin 100 na madara mai maiƙo sukarin madara ne, wato laktos, a marar maiƙo kuwa ya ɗan haura rabi. Wannan sukari yana zuƙar laima daga iska da sauri. Gwangwanin da aka bari ba a rufe da kyau ba a watan Agusta zai yi gudaji, daga baya ya daskare. Gudajin nan yana barin ramuka a cikin kofi, laimar kuma tana ƙara nauyin da ba na madara ba. Ki farfasa ki tankaɗe kafin awo, ki kuma riƙa ajiye ta a mazubi mai murfi da ke kamawa gam, nesa da tururin tukunya.

Wane kofi ake nufi?

Kofin Amurka mililita 237 ne, ko da yake a jikin kayan abinci 240 suke lissafawa. Na Ostareliya 250. Tsohon kofin Ingila 284, na Japan 200. Babban cokali mililita 15 ne a yawancin ƙasashe, amma a Ostareliya 20 ne. Ƙaramin cokali 5. Jerin kofunan awo da ake sayarwa a kasuwa wasu 240 ne wasu 250, ki duba mariƙinsu, yawanci an rubuta. Da madara mai maiƙo, kofin 250 zai ba ki kusan giram 135, na 284 kuma ya haura 150.

Oza ma iri biyu ce, kuma nan ne ake yin babban kuskure. Akwai ta nauyi, giram 28.35, akwai ta ruwa, kusan mililita 30. Oza 8 ta ruwa kofi ɗaya ce. Amma idan girki ya ce oza 8 ta madarar gari, nauyi yake nufi, giram 227, wato kofi ɗaya da kashi uku cikin huɗu na mai maiƙo, ko fiye da kofi uku na marar maiƙo mai saurin narkewa.

Namu ma'aunin gida shi ne ƙaramin gwangwanin madarar ruwa, irin na Peak. Wanda aka daɗe da sani, mai giram 170, yana cin kusan kashi biyu cikin uku na kofi. Wannan 170 ɗin nauyin madarar ruwan da ke ciki ne, ba na garin da za ki auna da shi ba. Shafaffen gwangwani na madarar gari mai maiƙo zai tsaya tsakanin giram 70 da 90. Wadda ta lissafa shi a 170 ta zuba rabin abin da take zato.

Alƙaluman da za ki fara da su

A kofin Amurka akwai babban cokali 16, kowane babba kuma yana da ƙanana 3. Daga nan lissafin ya fito. Madara mai maiƙo da ba a sarrafa don saurin narkewa ba, babban cokalinta giram 8 ne, rubu'in kofi 32, rabin kofi 64. Marar maiƙo mai laushi, cokali giram 7 da rabi, rubu'in kofi 30. Marar maiƙo mai saurin narkewa, cokali giram 4 da 'yan kai, rubu'in kofi 17, sulusin kofi 23. Irin tamu ta shayi ki lissafa cokalinta a giram 7.

A ce kin ɗauko girkin burodi daga littafin Amurka, ya ce rabin kofi na madarar gari marar maiƙo. A shagunan can, mai saurin narkewar ce ta fi yawa, don haka mai yiwuwa marubucin giram 34 ya zuba. Ke kuma kika cika rabin kofi da mai maiƙo, giram 55 zuwa 64. Kin kusa ninkawa, kuma kin shigar da maiƙo wajen giram 15 wanda babu shi a lissafinsa. Kwaɓin zai yi tauri domin garin ya shanye ruwa, bayan burodin kuma ya yi duhu da wuri.

Idan kuma girkin da giram ya zo, ke kuma ba ki da sikeli, ki raba giram ɗin da nauyin cokalinki. Giram 100 na mai maiƙo cokali 12 da rabi ne in cokalin giram 8 ne, 14 da ɗan kai in 7 ne. Giram 100 na marar maiƙo mai saurin narkewa kuwa kusan kofi ɗaya da rabi ne.

Ki auna taki sau ɗaya, ki rubuta

Duk waɗannan alƙaluma na madarar wasu ne a kofin wasu. A ganina abin da ya fi amfani shi ne ki san nauyin madarar da kike saye, a kofin da ke kicin ɗinki, da hannunki. Aikin minti biyar ne.

In kina da sikelin lantarki mai nuna giram ɗaya-ɗaya, ki ɗora kofin babu komai, ki danna maɓallin da ke mayar da shi sifili, ki cika da cokali ba tare da dannawa ba, ki shafe, ki karanta. Ki maimaita sau uku ki ɗauki matsakaici. Don sanin nauyin cokali, ki auna goma a tare ki raba da goma, saboda sikeli bai cika faɗin gaskiya a kan ƙaramin abu ba. Sikeli mai allura, irin na masu nama, ba zai yi wannan aiki ba, giram 20 ko motsa shi ba ya yi sosai.

In babu sikeli, kamfanin madarar ya riga ya auna miki. Ki sayi leda ko gwangwanin da aka rubuta nauyinsa, ki juye shi gaba ɗaya da kofinki kina ƙirgawa. Idan giram 400 ya ba ki kofi uku da rabi, kofinki giram 114 ne. Haka za ki yi da ƙaramar leda don sanin nauyin cokali. Girman kofin kansa kuma ki gwada shi da kwalbar shayar da jariri mai layukan mililita, cokalin kuma da ɗan murfin awo da ke zuwa da maganin ruwa na yara. Ki rubuta abin da kika samu ki liƙa a murfin mazubin. Ranar da kika canza kamfani sai ki sake gwadawa.

Idan girki madarar ruwa ya nema

Wannan lissafi ya fi sauƙi, domin daga halittar nonon kansa ya fito. Tunda kusan kashi ɗaya cikin takwas na nonon saniya ne ba ruwa ba, sai ki haɗa kashi ɗaya na gari da kashi bakwai na ruwa, a nauyi. Lita ɗaya ke nan giram 125 zuwa 130 na madara mai maiƙo da ruwa mililita 900. Kofi ɗaya kuma giram 30 zuwa 32, sai ki cika da ruwa ya kai baki. Marar maiƙo kusan giram 95 zuwa 100 take buƙata a lita.

Ki lura ba a ce lita ɗaya ta ruwa ba. Garin da ya narke yana cin wuri, giram 130 zai ƙara wajen mililita 100. Wadda ta zuba shi a cikakkiyar lita ta samu lita ɗaya da mililita 100, mai ɗan tsinkewa. A shayi ba za a ji ba, a yogot za a gani.

Madarar ruwa ta gwangwani kuwa an rage mata fiye da rabin ruwanta, ƙa'idar Codex ita ce kada madarar da ke ciki ta gaza kashi 25 cikin 100. Don samun madadin gwangwani mai giram 170, ki dama giram 45 na gari a ruwa mililita 125. Kaurin zai yi daidai, amma ɗanɗanon ba zai zama ɗaya ba, domin ta gwangwani an dafa ta da zafi mai yawa bayan an rufe ta.

In za ki yi amfani da mai maiƙo a gurbin marar maiƙo, giram 100 na marar maiƙo yana daidai da kusan giram 135 na mai maiƙo. Cikin wannan akwai maiƙo wajen giram 35, sai ki rage shi daga bota ko man da girkin ya ce.

Inda giram goma ke da tasiri

Ba ko'ina ake buƙatar wannan ɗawainiya ba. A shayi da kunu da koko harshe ya isa. A alawar madara da tuwon madara ma ido da hannu ne ke aiki, ana zuba gari a ruwan sukari har ya kama, kuma ƙwararriya ba ta buƙatar sikeli ta san ya yi. Gullisuwa ta fi son kulawa a wurin ruwa, amma ita ma ana gyara ta tun tana kwaɓi.

Burodi da kek ba sa ba da wannan dama, sai bayan sun fito daga tanda ake ganin kuskure. Masu gidan burodi da nauyin fulawa suke lissafin komai, madarar gari kuma yawanci kashi 3 zuwa 6 cikin 100 ce ta fulawar. A kilo ɗaya, kashi 4 giram 40 ne, wato shafaffen cokali biyar zuwa shida. A buhu mai kilo 50, kilo 2. Yis ɗin burodi ba ya cin laktos, don haka sukarin yana nan har cikin tanda, shi ke sa bayan burodi ya yi ja mai kyau, in ya yi yawa kuma ya ƙone kafin cikin ya nuna. Garin madarar yana shan ruwa kusan daidai nauyinsa, saboda haka duk lokacin da kika ƙara madara ki ƙara ruwa.

Mai yin yogot don sayarwa ita ce ta fi kowa asara a wurin awon kofi. Buhun madara mai kilo 25, a giram 130 kowace lita, zai ba ta lita 192. Idan hannunta ya saba yin tozo har tana wuce awo da kashi ɗaya cikin goma, lita 175 za ta samu. Lita 17 sun tafi a kowane buhu, ba ta kuma san inda ribar ta shige ba. In ta fi son kauri ta kai giram 140 ko 150 a lita, wannan zaɓinta ne, amma ya zama da saninta, ta sa shi a farashi.

Haka abin yake a wurin saye. A manyan kasuwanni irin su Singa a Kano ana fasa buhu a sayar da mudu ko da gwangwani. Mudu girmansa ya bambanta daga gari zuwa gari, kuma madarar da ta fi iska ita ce za ta ba mai sayarwa mudu mafi yawa daga buhu guda. Mudun da ya fi araha yana iya zama shi ne mai tsada idan aka ɗora su a sikeli. Mai sana'a ta nemi a sayar mata da kilo.

Akwai kuma abin da sikeli ba zai gaya miki ba. Madara mai cikakken maiƙo, a ƙa'idar Codex, maiƙonta na saniya ne kuma bai gaza kashi 26 cikin 100 ba, marar maiƙo kuwa ba ta wuce kashi 1.5. Amma da yawa daga cikin madarar da ke yawo a Afirka ta Yamma marar maiƙo ce da aka haɗa da man itatuwa, galibi tataccen man kwakwar manja. Ta fi araha, kuma tana aiki a cincin da fanke da burodi. Sai dai adadin furotin ɗinta ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, furotin kuwa shi ne ke kama yogot. Ki iya auna giram 130 daidai, yogot ɗin ya ƙi kauri, domin abin da ke cikin giram ɗin ne ya canza. Idan a leda ko gwangwani take, ki karanta jerin abubuwan da aka haɗa. Idan daga buhu ake aunawa, ki nemi ganin jikin buhun.

Madarar jarirai ba ta cikin wannan lissafi

Duk abin da aka faɗa a sama na girki ne. Madarar da aka haɗa musamman don jarirai tana zuwa da nata ludayin awo a cikin gwangwani, kuma ludayin wani kamfani ba ya yi wa wani, domin girmansu da nauyin garinsu ba ɗaya ba ne. Ba a mayar da shi cokalin kicin, ba a yi masa tozo, ba a dannawa. Ana fara zuba ruwan ya kai layin da aka ce a kwalba, sannan a zuba garin a shafe. Idan garin ya yi yawa, gishirin da ke ciki yana fin ƙarfin ƙodar jariri, jikinsa ya rasa ruwa. Idan aka tsinka shi don gwangwani ya daɗe, jaririn yana cika ciki amma yana ramewa.

Madarar gari ta shayi, da ta buhu, da mai haɗin man itatuwa, babu wadda ke maye gurbin nonon uwa ko madarar jarirai ga yaron da bai kai shekara ɗaya ba, ko da an auna ta da sikelin da ya fi kowanne kyau. Garin jarirai kuma ba a kashe duk ƙwayoyin cutar da ke cikinsa ba, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a haɗa shi da tafasasshen ruwan da zafinsa bai sauka ƙasa da digiri 70 ba, sannan a huce kwalbar kafin a ba yaro.